Manhajar chess ta sayarwa: ta yaya za ta gamsar da mai ɗebe kewa da ɗan gasa a lokaci guda?

Sojan_e4:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar haɗa manhajar darar chess ce, musamman wadda za a kai kasuwa. Masu saye kashi biyu ne, kuma buƙatunsu sun yi hannun riga. Akwai wanda zai buɗe waya bayan ya taso daga aiki ya buga wasa ɗaya ko biyu don ɗebe kewa. Shi abokin karawa daidai da shi yake so, yau ya ci, gobe a ci shi. Akwai kuma ɗan gasa mai shirin zama gaban allo gobe da safe. Wannan ba ruwansa da karawa da kwamfuta, rumbun wasanni yake nema, da inji mai ƙarfi, wato shirin kwamfuta da ke lissafa taku, da wurin adana bincikensa.

In an cika fuskar manhaja da saituna, na farko ya firgita ya goge ta. In an sauƙaƙa, na biyu ya ce kayan wasan yara ne. Shin taura biyu ce da ba ta taunuwa, a raba su gida biyu kowa ya kama gabansa? Ko za a iya yin gida ɗaya mai ƙofa biyu? Sai abin da ya fi ɗaure min kai: yaya ake rage wa inji ƙarfi ba tare da ya zama abin dariya ba? Ina nufin irin wanda zai yi taku 25 na gwanaye, sai kwatsam ya ajiye sarauniya a bakin soja.

DokinF3:

Wa alaikumus salam Malam Soja. Tambayarka ta biyu ita ce uwa, bari in fara da ita.

Ƙarfi ba shi ne matsala ba tun da daɗewa. Kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Kasparov a 1997, manhajar Deep Fritz ta doke zakaran duniya Kramnik da ci 4 da 2 a Bonn a 2006, yau kuwa injin Stockfish kyauta ake sauke shi, kuma ko a waya ba ɗan'adam da zai ja da shi. Aikin da ya rage shi ne koya wa inji ya yi kuskure irin na mutum, kuma nan gizo ke saƙa.

Hanyar da kowa ke fara gwadawa ita ce rage zurfin lissafi, a ce wa inji kada ya duba gaba fiye da taku biyu ko uku. Illarta: injinan zamani ba sa tsayawa a tsakiyar cinye-cinye, sai sun bi duk wani "na ci, ka ci, na ci" har ƙura ta lafa kafin su yanke hukunci. Don haka ko da zurfinsa kaɗan ne, ba zai bar doki a banza ba, kuma duk abin da ɗan koyo ya saki sai ya ɗauke. Ɗan koyo kuwa abin da yake saki ke nan. Ga shi kuma tun daga Stockfish 12 na 2020, da aka sa masa ƙwaƙwalwar auna matsayi mai suna NNUE, kallo ɗaya da zai yi wa allo ba tare da dogon lissafi ba ya riga ya fi na yawancin mutane. Sai ka rage zurfi har ƙasa, amma har yanzu ya fi ƙarfin wanda ka yi dominsa.

Hanya ta biyu ita ce ta saitin Skill Level na Stockfish, daga 0 zuwa 20. In ka sa ƙasa da 20, injin yakan lissafa aƙalla taku huɗu mafi kyau, sannan ya ƙara musu maki ta hanyar canki-canka ya zaɓi ɗaya, wanda ba lallai ya zama na farko ba. Yana aiki, ƙarfin yana sauka da gaske. Sai dai canki-canka ba ta san dalili ba. Shi ya sa ake samun abin da ka kwatanta: kuskuren da ba shi da kai ba shi da gindi.

Dubi bambancin a kan allo. Fari ya tura soja e4, baƙi e5. Fari ya fito da giwa c4, baƙi ya fito da doki c6. Fari ya kai sarauniya h5. Nan ɗan koyo sai ya buga doki zuwa f6, kuma yana da hujja: ya fito da sabon ɗa, ya kuma kai wa sarauniya hari. Bai ga cewa sarauniyar za ta ci sojan f7 ta gama da sarki ba. Wannan kuskuren mutum ne, yana da tunani a bayansa, tunanin ne bai cika ba. Wanda ya ci wasa da irin wannan zai ji ya yi abin a zo a gani. Amma in inji ya tare harin da soja g6 daidai yadda littafi ya ce, ya yi ta tsare gida, sannan a taku na 26 ya tura sarauniyarsa inda soja zai ɗauke ta ba gaira ba dalili, mai wasan ya san sadaka aka ba shi. Ba wanda ke biyan kuɗi don a riƙa yi masa sadaka.

Ko manya ma da tsari suke makancewa. A wasa na biyu na waccan karawa ta Bonn, Kramnik bai ga kisan taku ɗaya ba: sarauniya ta sauka h7, dokin da ke f8 yana mara mata baya. Doki a layin ƙarshe na abokin gaba ba wurin da ido ya saba neman haɗari ba ne. To irin wannan za ka gina a ciki. Ka sa inji ya fito da taku biyar ko shida, ka auna abin da kowanne ke jawowa na asara, sannan wajen zaɓe ka ba wasu irin taku fifiko: cin ɗan da ke gabansa, yi wa sarki barazana, kai hari ga sarauniya, ramuwa nan take. Ka rage wa wasu: ja da baya, takun shiru da ba ya cin komai, kare haɗarin da ke zuwa daga doguwar kusurwa ko daga doki mai kai hari wuri biyu. Ka kuma sa yawan kuskure ya hau idan allo ya cakuɗe, ya sauka idan taku ɗaya ne tilo a fili.

Akwai gajeriyar hanya. Maia, wadda masu bincike daga jami'o'in Toronto da Cornell da kamfanin Microsoft suka fitar a 2020, ba a koya mata neman taku mafi kyau ba. Wasannin mutane na shafin buga chess na Lichess aka ɗura mata don ta hango abin da mutum zai buga, kala tara, daga matakin 1100 zuwa 1900 a makin auna ƙarfin ɗan wasa, kuma takan dace da takun mutum a fiye da rabin lokuta. A kan injin Leela ake ɗora ta, ba tare da lissafin gaba ba. Abu biyu za ka kiyaye. In kullum takun da aka fi bugawa take ɗauka, sai ta fi matakin da aka rubuta mata ƙarfi, domin taron 'yan 1100 ya fi ɗan 1100 guda ɗaya wayo. Sannan da yake ba ta lissafi, a ƙarshen wasa takan yi ta zagaye da nasara a hannu, sai an ɗan tallafa mata da gajeren lissafi.

Ƙananan abubuwa kuma da ake mantawa. Ka ƙayyade ƙarfi da yawan matsayin da inji zai duba, wato umarnin "go nodes", ba da daƙiƙa ba. In ba haka ba mataki na 5 a sabuwar waya zai zama dodo, a tsohuwa kuma rago. Ka raba wannan da lokacin da yake nunawa yana "tunani": ramuwar da kowa ya gani a yi ta cikin daƙiƙa ɗaya, wuri mai wuya a ɗan jinkirta. Ka ba kowane mataki littafin buɗe wasa daidai da shi, gajere mai rassa da yawa, domin inji mai ƙayyadadden lissafi yakan maimaita wasa iri ɗaya, mai wasa ya haddace hanya guda ya yi ta cinsa da ita. Kuma ka cire wa ƙananan matakai teburin ƙarshen wasa, wato taku mafi kyau da aka riga aka lissafa aka adana don lokacin da 'ya'ya kaɗan suka rage a allo. Ɗan 1000 da zai kashe sarki da giwa da doki kaɗai, aikin da ke iya cin taku 33 ko a hannun wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba, wa zai yarda?

Malama_Hasumiya:

Malam Doki ya yi bayani, Allah Ya saka. Ni ɓangaren 'yan gasa zan taɓa, don su ne masu saurin yanke hukunci, kuma su ake tambaya kafin a saya.

Malam Soja, inji ɗaya, rumbu ɗaya, ƙofa biyu. Raba su manhaja biyu yana nufin gyara kowace matsala sau biyu, kuma ranar da mai ɗebe kewa ya fara sha'awar gasa ka sake shi ya tafi wani wuri. Tarihi ya nuna ɓangarorin biyu. Chessmaster, da ta fara fitowa a 1986, ta yi suna da abokan karawa masu halaye daban-daban da darussan Josh Waitzkin, amma masu shirin gasa ChessBase ta Hamburg suka riƙe, saboda rumbu. Ita kuma ChessBase ta sa wa manhajarta ta wasa, Fritz, yanayin da yake daidaita ƙarfinsa da naka, da wani da yake barin tarko da gangan don ka gano, saboda ta san rumbu kaɗai ba ya riƙe ɗan koyo.

Ɗan gasa zai gwada ka da abu ɗaya a minti na farko: ya jefa fayil ɗin PGN, wato tsarin da ake adana wasannin chess a rubuce, a ciki, ya fitar da shi, ya duba ko an ci masa wani abu. Nan ake faɗuwa. Rassa cikin rassa su dawo yadda suke. Sharhi da alamomi, irin $1 na taku mai kyau da $2 na kuskure, kada su ɓace. Bayanan kai guda bakwai, wato gasa, wuri, kwanan wata, zagaye, fari, baƙi da sakamako, su tsaya. Sunayen 'yan wasa masu haruffa na musamman kada su koma tarkace saboda an rikita UTF-8 da tsohon tsarin Latin-1. Mutum ya shekara biyar yana tara shirinsa na buɗe wasa, ka haɗiye masa reshe guda, ba zai sake waiwayarka ba. Kuma kada ka kuskura ka kulle fitar da PGN sai an biya. Wasanninsa nasa ne.

Na biyu, ka bar shi ya ɗora injin da ya ga dama ta ƙa'idar UCI, hanyar da manhaja ke magana da inji, wadda Rudolf Huber da Stefan Meyer-Kahlen suka fitar a 2000. Wani Stockfish yake so, wani Leela saboda ra'ayinta ya bambanta a wuraren da ba a cin komai, ita kuma sai da katin zane mai ƙarfi take sakin jiki. Sannan kada ka bar saitin da injin ya zo da shi. Stockfish yana zuwa da Hash, wato wurin ajiyar lissafinsa, na megabait 16 da Threads, wato yawan ƙwayoyin na'ura da zai yi aiki da su, guda ɗaya, wanda don dogon bincike kamar ɗaure doki ne a turke. Manhajar ta duba na'urar da kanta: Threads ya zama yawan ƙwayoyin na'ura a cire ɗaya, don fuskar manhaja ta samu wurin numfashi, Hash kuma kada ya wuce rabin ram. In ya wuce abin da ke akwai, kwamfuta ta fara rubutu a faifai, komai ya tsaya cak. Nuna layi uku a lokaci guda, wato MultiPV, yana da amfani wajen shiri, amma yana rage zurfi, don haka a sa maɓallinsa kusa.

Wani rami da sababbin masu haɗawa ke faɗawa: su riƙa tura wa inji FEN na matsayin da ake ciki kaɗai. FEN yana ɗauke da wurin da kowane ɗa yake, da mai taku, da damar sarki ta shiga gida, da ƙidayar dokar taku 50, amma ba ya ɗauke da tarihin wasan. Injin ba zai san an riga an maimaita matsayi sau biyu ba, sai ya ba mai nasara shawarar takun da zai jawo canjaras. A tura masa matsayin farko da jerin taku gaba ɗaya.

Teburin ƙarshen wasa na Syzygy: na 'ya'ya biyar bai kai gigabait 1 ba, a haɗa shi. Na shida wajen gigabait 150 ne kuma sai da faifan SSD, a bar wa mai so ya nuna inda ya ajiye. Na bakwai ya haura terabait 15, wannan sai ta intanet.

Sai lasisi, don ba wasa ba ne. Stockfish da Leela duk a ƙarƙashin lasisin GPL suke. Kana iya sayar da manhajar da ke amfani da su, amma dole mai saye ya san abin da ke ciki, ya kuma samu asalin rubutun injin har da gyaran da ka yi masa. Masu Stockfish sun kai ChessBase kotu a Jamus a 2021 kan injinan Fat Fritz 2 da Houdini 6 da take sayarwa, aka sasanta a ƙarshen 2022. Ka bar injin a matsayin shiri mai zaman kansa da kuke magana ta UCI, ka kuma nemi lauya ya duba kafin ka fitar.

Sojan_e4:

Na gode ƙwarai Malam Doki, na gode Malama. Batun FEN ɗin nan ban taɓa kawo shi a rai ba. Saura lambobin da ake rubutawa a gaban kowane abokin karawa. Tunda Stockfish yana da UCI_Elo, saitin da ake rubuta masa makin ƙarfin da ake so, ba sai a sa 1500 a rubuta 1500 ba?

Tsohon_Alƙali:

A'a ɗana, 1500 ɗin wa? Maki ba awo ba ne irin na tsawo, kwatance ne tsakanin waɗanda ke karawa da juna a wuri ɗaya. FIDE, hukumar chess ta duniya, tana kan tsarin Arpad Elo tun 1970, kuma tun 2024 mafi ƙanƙantar makinta 1400 ne. Lichess tana kan Glicko-2, kowa da 1500 yake farawa. Chess.com nata daban. Mutum ɗaya yana iya riƙe lamba uku da ɗaruruwa a tsakaninsu. UCI_Elo kuwa da wasu injina aka auna shi, ba da mutane ba, kuma a Stockfish na yanzu ba ya sauka ƙasa da 1320. Wanda ya koyi tafiyar doki makon jiya yana ƙasa da nan nesa ba kusa ba. Shi sai ka gina masa matakai na musamman irin yadda Malam Doki ya faɗa, ko a yi masa irin ta da, inji ya fara wasa ba hasumiya ɗaya ko ba sarauniya. Wannan ba yaudara a cikinta, kowa ya ga abin da aka cire.

Aunawa kashi biyu ce. Da farko ka haɗa matakan su kara da juna ta manhajar cutechess-cli, kowane buɗi a buga shi sau biyu ana musanya launi, don ka tabbatar tsanin yana hawa daidai. Ka riƙe lissafin: tazarar maki 100 tana nufin babba zai kwashi wajen kashi 64 cikin ɗari, 200 kashi 76, 400 kashi 91. Tsakanin mataki da mai bi masa kada ya wuce 100 zuwa 150, in ba haka ba mutum ya riƙa lallasa na 4, na 5 yana lallasa shi, ya rasa wurin zama. Kuma wasa 100 ba ya isa, kuskuren awonsa yana kai wa maki 60 sama ko ƙasa. Sai wajen wasa 1000 yake saukowa kusan 20. Bayan haka sai awo na gaske: sakamakon mutanen da ke amfani da manhajar, a ware na wasan gaggawa da na dogon lokaci, domin inji ba ya firgita da agogo, mutum kuwa yana yi.

In za ka sa ya daidaita kansa, to tsakanin wasa da wasa, kaɗan-kaɗan, da nufin mutum ya riƙa cin kusan rabi. Kada a tsakiyar wasa. Injin da ke sassautawa da zarar ya wuce gaba, ya ƙara wuta da zarar an wuce shi, cikin kwana biyu ake gano shi.

Sai nazarin bayan wasa, wanda nan ne ƙofofin biyu suka fi bambanta. Ɗan gasa yana son makin da inji ya ba matsayi, irin +0.35, da zurfi da layin taku goma. Ɗan koyo wannan ba ta ce masa komai ba. Ka nuna masa wurare biyu ko uku da wasan ya juya, kowanne da jimla ɗaya da kibiya: ka ɗauke dokin da ke tsaron f7. Kuma kada ka auna girman kuskure da ɗanyen maki. Saukowa daga +7 zuwa +5.5 ba komai ba ne, har yanzu wasan a hannu yake. Saukowa daga 0 zuwa −1.5 kuwa, duk da tazarar ɗaya ce, ita ce ta kayar da shi. A juya makin zuwa damar nasara tukuna, kamar yadda Lichess take yi. Manhajar da ke jan jan layi a kan taku 18 cikin 30 ba koyarwa take yi ba, kora take yi.

DokinF3:

Baba Alƙali, a gafarce ni, a wuri ɗaya zan ɗan ja. Sassauci a tsakiyar wasa ba laifi ba ne in an faɗa. A yanayin horo, inji ya bar dama da gangan, manhaja ta ce "duba da kyau, akwai abu a nan", mutum ya nema. Abin da ke ɓata rai shi ne a ɓoye. Sai dai a ware irin waɗannan wasanni, da duk wanda aka janye taku ko aka nemi taimako a cikinsa, kada su shiga lissafin maki, in ba haka ba awon da ka bayyana zai gurɓace.

Malama, ƙofa biyu na yarda, da sharaɗin kada a tambayi mutum ranar farko "kai gwani ne ko ɗan koyo?" a kulle shi a ɗaki. Kusan kowa sama da matsayinsa yake zaɓa. A buɗe da allo da maɓallin wasa, sauran kayan su kasance taɓawa ɗaya daga nan, kuma duk abin da mutum ya buɗe sau ɗaya manhaja ta tuna ta bar masa shi a waje. Shi ma ɗan gasa yakan so wasan minti uku da daddare ba tare da lambobi suna yi masa rawa a gefe ba. In kuma akwai karawa da mutane ta intanet, injin da rumbun su mutu gaba ɗaya muddin wasa na gudana, kuma daga uwar garke za a kashe su, ba a ɓoye maɓallin kawai ba.